Gagara-Rabo: Tarihin Lambar da Ba Ta Rabuwa, Daga Zaurukan Birnin Zariya

A Birnin Zariya, in mutum ya cika, aka share makoki, aka biya bashi, aka fitar da wasiyya, sai a nemi malamin da ya san gado. Ba kowane malami ke yarda ya taɓa wannan aiki ba, don haƙƙin marayu ne, kuma kuskuren alƙalami ɗaya yana iya raba zumuncin shekara hamsin. Unguwanni irin su Kona da Juma sun daɗe da yin suna a karatun fiƙihu. A zaurukansu ɗalibi kan bi littattafai ɗaya bayan ɗaya, daga Ahalari zuwa Ishmawi, Iziyya, Risala, har in Allah ya ba shi naci da tsawon kwana ya kai Muhtasar na Shehu Halilu, malamin Masar na ƙarni na 14. Babin gado shi ne na ƙarshe a Muhtasar. A can ƙurya, inda ɗalibai da yawa ba sa kaiwa, akwai wani lissafi da ya girmi ganuwar Zariya nesa ba kusa ba.

A ce mamaci ya bar mata ɗaya, da 'ya'ya maza 5 da mata 3. Malam zai gyara zama, ya jawo takarda, ya ce mas'ala daga 8 take. Matar ta ɗauki tumunin takaba, kashi 1, saura 7. Sai ya ƙirga kawuna, namiji biyu mace ɗaya, ya sami 13. Bakwai ba ta rabuwa ga kawuna sha uku, kuma babu wata lamba da ke shiga cikinsu su biyun. Ba makawa ya buga 13 a cikin 8, dukiya ta koma kashi 104: matar 13, kowane ɗa 14, kowace 'ya 7. Da a ce maza 6 ne da mata 2, kawuna sun zama 14, kuma 7 na shiga 14, sai mas'ala ta tsaya a kashi 16 kawai. In babban ɗa ya ce, "Allah gafarta Malam, me ya sa namu ya yi yawan kashi haka?", amsar tana ga 13 ɗin nan da ta ƙi sassautawa.

Malaman gado sun kasa dangantakar kowaɗanne lambobi biyu gida huɗu: tamasuli in daidai suke, tadahuli in ƙarama na shiga babba, tawafuƙi in sun haɗu a wata lamba ta uku, tabayuni in ba abin da ya haɗa su sai ɗaya. Halilu ya ba da hanyar ganewa. A yi ta cire ƙarama daga babba, sannan a cire saura daga ƙaramar, a ci gaba haka. Ɗauki 91 da 35: cire 35 sau biyu, saura 21, cire 21 daga 35, saura 14, cire 14 daga 21, saura 7, 7 kuwa ta cinye 14 tas. Sun yi tawafuƙi ke nan da subu'i. Gwada 13 da 8, za ka gangaro 5, 3, 2, ka tsaya a 1. Tabayuni ne.

Wannan hanya, ba ƙari ba ragi, ita ce ta buɗe kashi na bakwai na littafin Uƙlidis, wanda Turawa ke kira Euclid, da ya koyar a Iskandariyya wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa. A nan ne ya yi maganar wani jinsin lamba da ya fi tabayuni tauri. Lambobi 8 da 9 suna tabayuni a junansu, amma kowacce tana rabuwa a gidanta. Ita kuwa 13 tana tabayuni da duk lambar da ke ƙasa da ita. Ba mai raba ta sai ɗaya sai ita kanta. Irinta zan kira gagara-rabo. Su ne 2, 3, 5, 7, 11, 13, 17, 19, har gaba, kuma duk sauran lambobi da su aka gina su: 104 ɗin ɗazu ba komai ba ce sai 2 sau 2 sau 2 sau 13.

Mai karatun gado ya saba haɗuwa da su ko bai ba su suna ba. In masu farilla suka yi yawa har rabonsu ya zarce dukiya, sai a yi auli, kowa ya ɗan rage. Asalin 6 kan hau zuwa 7, kamar miji da 'yan'uwa mata shaƙiƙai biyu. Asalin 12 kan hau zuwa 13, ko 15, ko 17. Mas'alar 17 ɗin nan tana da ban sha'awa: matan aure 3, kakanni mata 2, 'yan'uwa mata ta wajen uwa 4, shaƙiƙai mata 8. Mata sha bakwai, kashi sha bakwai, kowacce ta tashi da guda. Da sun kasance sha shida ko sha takwas da an sake sabon lissafi.

Uƙlidis ya tabbatar da cewa gagara-rabo ba su da iyaka, da hujjar da yaron firamare zai iya riƙewa. In wani ya kawo jeri ya ce sun ƙare a nan, a buga su duka a ƙara ɗaya. Sabuwar lambar, duk wadda ka raba ta da ita daga cikin jerin sai ta bar saura ɗaya. Ke nan ko ita kanta gagara-rabo ce, ko mai raba ta wata ce da ba a ambata ba. Buga 2, 3, 5, 7, 11 da 13, ƙara ɗaya, ka sami 30,031, wadda ita ce 59 sau 509, baƙi biyu da ba sa cikin jeri. Bayansa Eratosthenes, mai kula da ɗakin karatu na Iskandariyya, ya kawo dabarar rariya: a rubuta lambobi a jere, a soke duk 'ya'yan 2, sannan na 3, sannan na 5, abin da ya tsaya a rariya su ne ake nema. Akwai 25 ƙasa da ɗari, 168 ƙasa da dubu, 78,498 ƙasa da miliyan. Suna ƙara nisa da juna amma ba sa yankewa.

Ilimin ya shiga Larabci a Bagadaza. An fara fassara Uƙlidis a zamanin Haruna Rashid. Alkawarizmi, da ya rubuta littafinsa na aljabara wajen shekarar 820, ya cika babban kaso na littafin da mas'alolin gado da wasiyya, abin da ke nuna tun farko fiƙihu da lissafi tare suka taso. Sabit ɗan Ƙurra, wanda ya rasu a 901, ya gano ƙa'idar lambobi masoya, irin su 220 da 284, waɗanda in ka tara masu raba ɗaya sai su ba ka ɗayar. Ƙa'idarsa a kan gagara-rabo uku ta tsaya, a wannan misali 5 da 11 da 71. Ibn Haldun ya ambaci yadda masu ɗalasimai ke amfani da waɗannan lambobi biyu wajen neman soyayya. Ibn Haisam a Alƙahira ya yi aiki da wata alama ta gane gagara-rabo wadda Turawa suka sake ganowa bayan shekara ɗari bakwai da wani abu. A Marakish kuma Ibn Banna, wanda ya rasu a 1321, ya koyar da cewa ba sai an gwada kowace lamba ba: a tsaya a kan lambar da in an buga ta a kanta za ta kai wadda ake bincike. Mai son sanin halin 97 ya gwada 2, 3, 5 da 7, ya huta, don 10 sau 10 ta riga ta wuce.

Ƙasar Hausa ma ta fitar da nata gwanin hisabi. Muhammadu ɗan Muhammadu Alkatsinawi Bafulatani ya tafi hajji, ya rubuta littafi a kan hatimai masu gidaje mara a 1732, ya rasu a Alƙahira a 1741 a gidan Hassan Aljabarti, mahaifin mashahurin marubucin tarihin Masar. Hassan Ibrahim Gwarzo ya yi rubutu a kan lissafinsa na ramzi a 1967. Aikin Alkatsinawi a kan jera lambobi ne su ba da jimla ɗaya ta kowace fuska, ba farautar manyan gagara-rabo ba. Amma a daidai wannan shekara ta 1732, a birnin Fitasbag na Rasha, wani saurayi ɗan Siwizalan mai suna Leonhard Euler ya fara wannan farauta. Bafaranshe Fermat ya daɗe da cewa 4,294,967,297 ba ta rabuwa. Euler ya nuna 641 na shiga cikinta sau 6,700,417.

Don a gane inda manyan ke fitowa, a zana gidaje a jere. A sa ƙwayar dawa 1 a gidan farko, 2 a na biyu, 4 a na uku, 8 a na huɗu, ana ninkawa. Jimlar gida 2 ita ce 3, ta gida 3 ita ce 7, ta gida 5 ita ce 31, ta gida 7 ita ce 127, dukansu gagara-rabo. In yawan gidajen yana rabuwa, jimlar ma dole ta rabu, kamar gida 4 da ke ba da 15. Amma rashin rabuwar gidaje bai wadatar ba: gida 11 na ba da 2,047, wato 23 sau 89. Wani malamin coci Bafaranshe, Marin Mersenne, ya fitar da jerin waɗanda yake ganin sun tsira a 1644, kuma duk da kurakuran da aka samu a jerinsa, sunansa ne ya bi wannan zuri'a. Tsohon dalilin nemansu shi ne cikakkun lambobi, waɗanda masu raba su ke taruwa su ba da su. Shida, uwar mas'alolin gado, ita ce ta farko: nusufinta 3, sulusinta 2, sudusinta 1, a tara su a koma 6. Uƙlidis ya nuna cewa duk lokacin da jimlar gidaje ta zama gagara-rabo, in aka buga ta a gidan ƙarshe za a sami cikakkiya, kamar 7 sau 4 da ke ba da 28.

Jimlar gida 31 ita ce 2,147,483,647. Euler ya tabbatar da ita a wasiƙar da ya aika wa Daniel Bernoulli a 1772, lokacin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo bai kai shekara ashirin ba, shi kuma Euler idanunsa sun kusa mutuwa gaba ɗaya. Bisa ƙa'idar Ibn Banna, sai an gwada duk gagara-rabo har zuwa 46,340, su fiye da 4,700. Euler ya yi tunani kafin ya yi wahala. Ya nuna cewa duk mai raba wannan lamba, in aka raba shi da 248, dole ya bar saura 1 ko 63. Nan take gwaji ya ragu zuwa abin da bai wuce 372 ba, kuma babu wanda ya shiga. Fiye da shekara saba'in ba a san wadda ta fi ta ba. A 1811 wani Baturen Ingila, Peter Barlow, ya rubuta cewa da wuya wani ya ƙara neman cikakkiyar lamba gaba da wadda ta fito daga gare ta, don a ganinsa abin sha'awa ne kawai marar amfani.

Masana kan bi asalin irin wannan lamba ta fuskoki da dama. Ita ce ta takwas a zuri'ar Mersenne, bayan gida 2, 3, 5, 7, 13, 17 da 19. Tana kuma da nasaba biyu, don 31 ɗin da ta haife ta ita ma jimlar gida 5 ce. Huɗu kacal aka sani masu wannan nasaba, sauran su ne 7, 127 da jimlar gida 127. Wasu gagara-rabo tagwaye ne, biyu ke tsakaninsu, kamar 11 da 13 ko 17 da 19, kuma har yau ba a tabbatar ko tagwaye na da iyaka ba. Ita dai ba ta da abokiyar tagwaitaka: mai binta da biyu tana rabuwa da 3, wadda ke gabanta da biyu tana ƙarewa da 5. In an raba ta da 4 tana barin 3, don haka ba ta cikin ajin su 13 da 17, waɗanda ke barin 1 kuma ake iya rubuta su a matsayin jimlar murabba'i biyu, 4 da 9, ko 1 da 16. Akwai kuma ajin Fermat, wanda biyar kawai aka sani a cikinsa: 3, 5, 17, 257 da 65,537.

Daga nan aka bar rabawa aka koma wata dabara. Édouard Lucas a Faransa ya tabbatar da jimlar gida 127 a 1876, mai alƙaluma 39, da hannu, kuma ba a ƙara samun wanda ya zarce shi da hannu tsura ba. Derrick Lehmer ya gyara dabarar a 1930. Ga yadda take a kan 31. Fara da 4, buga ta a kanta, cire 2, ka sami 14. Maimaita, ka sami 194, raba da 31, saura 8. Maimaita, 64 a cire 2, 62, wadda 31 ke cinyewa tas. In saura ya zama sifiri a takun da ya gaza yawan gidaje da biyu, lambar gagara-rabo ce. In bai zama ba, tana rabuwa. Lambar Euler taku 29 take bukata. Abin mamakin dabarar shi ne tana cewa lamba na rabuwa ba tare da ta faɗi mai raba ta ba. Lucas ya nuna jimlar gida 67 na rabuwa, amma sai a 1903, shekarar da Turawa suka ci Kano da Sakkwato, Frank Cole ya tsaya gaban taron masana a New York ya buga 193,707,721 a cikin 761,838,257,287 a allo, lissafi ya fito daidai. A 1952 Raphael Robinson ya sa wata kwamfuta a Los Angeles ta yi aikin, ta samo sababbi biyar a shekara guda.

Wannan reshe ya iso Zariya ta ƙofar boko. Kwalejin da aka kafa a Katsina a 1921 ta koma Kaduna, ta sauka Zariya a 1949, ita ce Barewa. Jami'ar Ahmadu Bello ta buɗe a Samaru a 1962. Iya Abubakar, ɗan Belel a Adamawa, ya yi Barewa, ya yi Ibadan, ya yi digirin digirgir a Kambirij ta Ingila, ya zama farfesan lissafi a Samaru yana da ƙuruciya, ya shugabanci jami'ar daga 1975 zuwa 1978, kuma cibiyar kwamfuta ta jami'ar sunansa take ɗauke da shi. A Kongo kuma, kusa da bakin ganuwa, ake koyar da shari'a, har da gado. Duk sassan tarihin nan suna cikin gari ɗaya, tafiyar mota ɗaya daga Ƙofar Doka.

Abin da ke damuna shi ne ba su san juna ba. Yaro zai tashi a cikin birni, da safe malamin lissafi ya koya masa nemo babbar lambar da ke raba lambobi biyu, ya haddace don jarrabawa yana ganin kayan Turawa ne. Da yamma ya wuce ta zauren kakansa ana karanta tawafuƙi da tabayuni, ba wanda zai ce masa abu ɗaya ne. Ban yarda da masu cewa kakanninmu sun riga sun san komai ba. Malaman gado sun ɗauki abin da shari'a ke bukata suka riƙe shi da amana ƙarni bayan ƙarni, suka tsaya a nan, don babu gadon da ke neman lamba mai alƙaluma goma. Hisabi kuma ya cuɗanya da duba da tsibbu har masu tsantseni suka riƙa kaffa-kaffa da shi. Neman manyan lambobi a wasu ƙasashe aka yi shi, kuma ya kamata a faɗi haka. Amma ban kuma yarda da mai cewa baƙon ilimi ne a wurinmu ba, alhali ƙa'idar farko ta fannin tana cikin littafin da ake karantawa a Kona da Juma.

Hasashen Barlow kuwa bai yi daidai ba. Kwamfutoci da yawa suna ajiye lamba a gurbi 32, ɗaya na nuna ƙari ko ragi, 31 na ƙirga, don haka iyakar abin da suke iya ƙirgawa shi ne 2,147,483,647 cif. A 2014 sai da YouTube ta faɗaɗa ma'auninta saboda masu kallon wata waƙar Koriya ta Kudu sun doshi wannan adadi. Na'urorin da ke ƙirga daƙiƙoƙi tun daga farkon 1970 da wannan tsari za su cika a ranar 19 ga Janairu 2038, da ƙarfe 4:14 na dare agogon Najeriya, shi ya sa injiniyoyi suka daɗe suna sauya su. A 1977 Rivest da Shamir da Adleman suka fitar da hanyar kulle saƙo da ta dogara a kan cewa buga gagara-rabo biyu masu alƙaluma wajen 300 kowacce abu ne mai sauƙi, amma warware su daga sakamakon ya fi ƙarfin kwamfutocin yau. A cikin wannan makulli 65,537 ta Fermat ce aka fi sakawa. Saƙon WhatsApp da ɗan kasuwa ke turawa daga Kasuwar Zariya ana kulle shi da lissafin da ya tsaya a kan wata gagara-rabo mai alƙaluma 77: a jera biyu sau 255, a buga su, a cire 19.

Manyan na Mersenne ba a kulle komai da su. Duk da haka ba a fasa nema ba. A 1996 George Woltman ya kafa GIMPS, inda kowa ke iya sauke manhaja kyauta ya ba da aron kwamfutarsa. A Oktoban 2024 Luke Durant, tsohon ma'aikacin Nvidia, ya yi hayar dubban na'urori a ƙasashe 17 ya samo ta 52 a zuri'ar: jimlar gida 136,279,841, mai alƙaluma 41,024,320. Marubucin da zai rubuta alƙalami ɗaya a kowace daƙiƙa, ba barci ba hutu, sai ya shafe fiye da shekara da wata uku. In kowane alƙalami ya ci rabin santimita, layin zai kai kilomita 205, ya tashi daga Zariya ya wuce Kano. Ba a tabbatar ko zuri'ar Mersenne na da iyaka ba, kuma ba a taɓa samun cikakkiyar lamba mara ba, ba a kuma tabbatar babu ita ba. Wata ƙungiya a Amurka, Electronic Frontier Foundation, ta biya dala 100,000 a kan gagara-rabo ta farko da ta haura alƙaluma miliyan 10, wadda aka samo a 2008 a wata jami'a a Los Angeles. Ta kuma ajiye dala 150,000 ga wanda ya fara kawo mai alƙaluma miliyan 100, tsawon da ta Durant ba ta kai rabinsa ba.